Gas na Shimfiɗar Kwal

Gas na shimfiɗar kwal iska ce mai cin wuta, mafi yawanta metan, wadda take maƙale a jikin kwal ɗin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙa rijiya a zuƙo ta ba tare da an tono kwal ɗin ba, sannan a tura ta bututu zuwa tashar lantarki ko masana'anta, ko a sanyaya ta har ta zama ruwa a loda wa jirgin ruwa. Ƙasashen da suka fi haƙar ta su ne Amurka da Ostareliya da Sin da Kanada da Indiya. Ba a haƙar ta a Gana. Yawancin rigimar da ta haddasa a duniya a kan abu biyu ne: ruwan ƙarƙashin ƙasa, da haƙƙin mai gonar da aka kafa rijiya a cikinta.

Suna

A bakin mutanen Zangon Kumasi da Nima ta Akara, kwal da gawayi sukan shiga juna, har murhun ƙarfen da ake zuba wa gawayi ma sunansa kurfoti, daga kalmar Turanci mai nufin tukunyar kwal. Gawayi itace ne da mutum ya ƙona a rami ya rufe da ƙasa. Kwal kuwa dutse ne, daga itatuwa da ciyayin fadama da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi. Haka nan gas ɗin tukunya da mai waake take dafa abinci da shi a Aboabo wani iri ne daban, haɗin furofen da butan. Metan shi ne wanda ke bin manyan bututu zuwa tashoshin wuta na Tema da Aboadze.

Yadda ake fito da shi

Kwal yana da ƙananan tsage da ƙofofin da ido ba ya gani, gas ɗin yana manne a bangonsu, ruwan da ya cika tsagen kuma shi ne ya danne shi. Saboda yawan ƙofofin, kwal yana iya riƙe gas ninki shida ko bakwai na abin da dutsen gas na yau da kullum mai girmansa zai riƙe. Muddin ruwan yana nan, gas ba ya motsi. Don haka aikin farko na kowace rijiya shi ne jan ruwa, dare da rana, watanni, wani lokaci shekaru, har nauyinsa ya ragu gas ya saki. Daga nan duk matsalar take tasowa: ba a samun wannan gas sai an fara kwashe ruwa.

Rijiya ɗaya ba ta jawo gas daga nesa, shi ya sa ake jera su da yawa, tsakanin wannan da waccan ɗaruruwan mitoci kawai. Idan kwal ɗin ya cika tauri, akan tura masa ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi don a buɗe tsagen. Ba kowace rijiya ke buƙatar haka ba.

Tarihi

Kafin ya zama haja, wannan gas ajali ne. Idan metan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa, kuma a ramin kwal wutar takan tayar da ƙurar kwal, ita ma ta kama. A 1812 fashewa a mahaƙar Felling da ke arewacin Ingila ta kashe mutum 92. Wannan na cikin abin da ya sa Humphry Davy ya ƙera fitilarsa a 1815, mai ragar ƙarfe da ke kewaye harshen wuta don kada ya kai ga iskar waje. George Stephenson ma ya fito da tasa a shekarar, aka daɗe ana jayayya kan wanda ya riga wani. Fitilar ta rage haɗari, amma ta kuma ba masu mahaƙa ƙarfin halin tura ma'aikata ramukan da a da ba a shiga. A 1907 fiye da mutum 360 suka mutu a Monongah ta Amurka, a 1913 ma'aikata 439 a Senghenydd ta yankin Wales, a 1942 kuma mutum 1,549 a Benxihu ta ƙasar Sin, wadda ita ce mafi muni da aka rubuta. Ko a 2010 sai da mutum 29 suka halaka a Pike River ta Niyuzilan. Kanarin da ake shiga da shi rami a keji, wanda mutane da yawa ke zaton don metan ne, galibi don gubar hayaƙin da ke biyo bayan gobara ne. Birtaniya ba ta daina amfani da shi ba sai wajen 1986.

Shekara da shekaru abin da ake yi da gas ɗin shi ne a kore shi da manyan fankoki ya bi iska. A wajen shekarun 1970 hukumar ma'adinai ta Amurka ta gwada haƙa rijiyoyi daga sama don a rage gas kafin ma'aikata su iso, musamman a yankin Black Warrior na jihar Alabama. Aka ga abin da ake zubarwa yana sayuwa. Dokar haraji ta 1980 ta ba masu haƙar irin wannan gas rangwame, rijiyoyi suka yawaita a Alabama da yankin San Juan da ke tsakanin Kolorado da New Mexico. Daga ƙarshen shekarun 1990 guguwar ta koma yankin kogin Powder na Wyoming da Montana, ƙasar makiyaya, inda aka haƙa rijiya sama da 20,000. Abin da Amurka ke fitarwa ya kai ƙololuwa a 2008, kusan ƙafa kubik tiriliyan 2 a shekara, sannan ya yi ta raguwa da gas mai araha ya fito daga wani irin dutse. Ƙananan kamfanoni suka karye, suka bar wa gwamnatin Wyoming dubban rijiyoyi marayu ta toshe.

A Ostareliya an fara sayar da shi wajen 1996 a jihar Queensland. Abin ya bunƙasa da aka gina masana'antu uku na mayar da gas ruwa a tsibirin Curtis kusa da Gladstone. Jirgin farko ya tashi zuwa Asiya a farkon 2015. Indiya ta fara a 2007 a yankin Raniganj. A Sin, cibiyar aikin ita ce Qinshui a lardin Shanxi.

Ruwa

Ruwan da ke fitowa daga kwal ba iri ɗaya ba ne. A wani wuri shanu suna sha lafiya, a wani wuri zartsi ne. Na yankin kogin Powder yana ɗauke da gishiri dangin kanwa. Ido yana ganinsa garau, amma idan aka yi ta ban ruwa da shi a ƙasar laka, sai ƙasar ta lauye ta daskare, samanta ya yi farin ɓawo, ruwan sama ya kwanta bai shiga ba, tsiro ya kasa huda shi. Manoman da ke shan kogin Tongue da kogin Powder a Montana, da al'ummar Cheyenne ta Arewa, sun daɗe suna shari'a da jayayya kan ruwan da ake saki daga sama. Ƙoramun da a da sai damina suke gudu suka koma gudu duk shekara, suka cinye gaɓa, suka kashe ciyawar da dabbobi suka saba ci.

Ɗaya ɓangaren shi ne abin da aka rasa a ƙasa. Idan rijiyar burtsatsen manomi tana sha daga shimfiɗar kwal ɗin, ko daga wadda ke haɗe da ita, ruwanta yakan sauka. Alamar farko da manoma ke faɗa ita ce famfo ya fara tari, yana tofar da ruwa da iska, daga baya ya zama huci kawai. A Queensland yankin Surat yana cikin babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa da garuruwa da makiyayan tsakiyar ƙasar suka dogara da shi, don haka doka ta wajabta wa kamfani ya gyara wa duk wanda rijiyarsa ta lalace: ya zurfafa ta, ko ya haƙa sabuwa, ko ya biya. Kuɗi dai ba ya mayar da ruwan da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa.

Kamfanonin can suna tace yawancin ruwan su ba manoma, wasu manoman kuma sun amfana ƙwarai a shekarun fari. Abin da ya rage bayan tacewa shi ne ruwan gishiri mai kauri da ake tarawa a manyan tafkuna, wanda zai bar miliyoyin tan na gishiri, har yau kuma ba a daidaita kan makomarsa ba. A 2014 hukumar muhalli ta jihar New South Wales ta ci tarar kamfanin Santos dala 1,500 ta ƙasar, bayan wani tafki a dajin Pilliga ya yi yoyo, aka sami yuraniyam a ruwan ƙarƙashinsa ninki 20 na ma'aunin ruwan sha. Ƙanƙantar tarar ta fi laifin jawo magana.

A kogin Condamine kuwa, tun 2012 aka lura ruwa yana tafarfasa da kumfar gas. A 2016 wani ɗan majalisa, Jeremy Buckingham, ya shiga kwalekwale ya ƙyasta wuta a kan ruwan, ya kama. Masana na gwamnati sun ce ɓulɓular na iya zama ta asali. Masu adawa sun ɗora wa rijiyoyin da ke kusa.

Ƙasa da mai ita

A yammacin Amurka, dokar 1916 ta ba makiyaya saman ƙasa, gwamnati ta riƙe abin da ke ƙarƙashi. Jikokinsu sai suka wayi gari da motocin kamfani a bakin shinge, da takarda a hannu. Abin da ke biyo rijiya shi ne hanya, da bututun gas, da na ruwa, da turakun lantarki, da injin matsa gas mai ruri har asuba. Daga jirgin sama ƙasar takan zama kamar an yi mata tsaga.

Wata shari'a ta nuna yadda tarihi ya juya. Ƙabilar Ute ta Kudu a Kolorado ce ke da kwal ɗin ƙarƙashin wani yanki, ta ce gas ɗin cikinsa ma nata ne. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a'a: lokacin da aka yi dokokin 1909 da 1910, waɗanda suka raba mallakar kwal ɗin da ta saman ƙasa, 'yan majalisa sun ɗauki gas ɗin a matsayin shara mai haɗari, ba su lissafa shi cikin kwal ba.

A Ostareliya ma gas na gwamnati ne, manomi ba shi da ikon cewa a'a, sai dai ciniki kan sharuɗɗa da diyya. Wannan ya haifi ƙungiyar Lock the Gate a 2010, ma'ana a kulle ƙofar gona, wadda ta haɗa manoma masu ra'ayin riƙau da masu fafutukar muhalli, mutanen da a da ba sa ga maciji. A 2014 dubban mutane suka tare hanya a Bentley har gwamnati ta dakatar da izinin haƙa. Jihar Victoria ta haramta aikin a 2017, ta sa haramcin cikin tsarin mulkinta a 2021. A Narrabri kuwa an amince da rijiya 850 a 2020 duk da adawar da yawa daga al'ummar Gomeroi, masu alaƙar kaka da kakanni da dajin Pilliga. A Kanada, 'yan ƙabilar Tahltan sun tsaya kai da fata har kamfanin Shell ya janye daga mafarin kogunansu a 2012.

Garuruwa irin su Chinchilla ta Queensland sun ga aikin yi da tsadar haya lokacin gini, sannan farashin gidaje ya faɗi da ma'aikata suka watse.

Iska da lafiya

Ƙona metan yana fitar da kusan rabin iskar kabon da ƙona kwal ke fitarwa wajen samar da wuta. Amma wanda ya zurare ba a ƙona ba yana riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon a cikin shekara 20, kusan ninki 30 a shekara 100. Ribar ta dogara ga yawan yoyo, kuma a kan wannan ake saɓani. Tsotse gas daga mahaƙar da ke aiki dai kowa ya yarda alheri ne.

Mazauna Tara a Queensland sun yi kukan ciwon kai da haɓo da ƙuraje. Rahoton ma'aikatar lafiya na 2013 bai sami alaƙa bayyananniya ba. Mazaunan ba su gamsu ba.

Afirka

Botsuwana ce ta fi nisa, da aikin Lesedi na kamfanin Tlou Energy. A 2013 an yi ce-ce-ku-ce kan izinin bincike da ya shafi gandun Kalahari ta Tsakiya, mazaunin mutanen San. Zimbabuwe tana da gas ɗin a Lupane. A Afirka ta Yamma akwai kwal a Inugu, inda aka gano shi a 1909 aka fara haƙa wajen 1916, da Anu Araren kusa da Agadas a Nijar, amma ba a kasuwancin gas ɗinsa.

Gana

Gas ɗin Gana daga teku yake, daga filayen Jubilee da Sankofa, wani kuma yana zuwa ta bututu daga Nijeriya. A tsakiyar matsalar wutar da ake kira dumsor an shirya gina tashar kwal mai megawat 700 a Ekumfi, da kwal ɗin da za a riƙa sayowa daga Afirka ta Kudu. An watsar da shirin a 2016, Chibeze Ezekiel da ya jagoranci adawa kuma ya sami kyautar Goldman ta kare muhalli a 2020. Gana tana cikin ƙasashen farko da suka goyi bayan alƙawarin 2021 na rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030.

Rabuwar sama da ƙarƙashin ƙasa ba baƙon abu ba ne a nan. Sashe na 257 na tsarin mulkin 1992 ya damƙa duk ma'adinai a hannun shugaban ƙasa amanar jama'a, alhali yawancin filayen Asante na kujerun sarauta ne. Manomin koko a gefen Obuasi yana iya samun diyyar itatuwansa a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2006, amma zinariyar ba tasa ba ce. Kogin Offin, wanda dam ɗin Barekese mai ba Kumasi ruwan famfo yake kansa, a ƙasa wajen Dunkwa ya koma kalar kunu saboda galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba.