Waiwaye: Yadda kai bishara ga maƙwabci baƙar fata ya zama jan aiki a Amurka

A majami'u da yawa na farar fata da ke unguwannin gefen manyan biranen Amurka, irin su Atlanta da Dalas da Washinton, akwai kiran da fastoci ke yawan maimaitawa ran Lahadi. Sukan ce wa masu bi su ɗaga ido su dubi layinsu: ga likita baƙar fata ya sayi gida, ga malamar makaranta, ga ma'aikacin gwamnati da iyalinsa. Ku gaishe su, ku gayyace su cin abinci, ku ba su shaidar bangaskiyarku, ku kawo su sujada. Wanda ya tashi inda maƙwabci ke shiga gidan maƙwabci ba sallama biyu zai yi mamakin a ce sai an hau mumbari kafin a tuna wa mutum haka.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, maƙwabcin nan da ake son kai wa bishara, mai yiwuwa ya fi mai ƙwanƙwasa ƙofar sanin Littafi Mai Tsarki. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen fatar Amurka Kiristoci ne 'yan Furotesta, ban da 'yan Katolika. Daga cikin masu zuwa ibada kuwa, kashi 60 cikin ɗari suna zuwa inda akasarin jama'a da limamai baƙar fata ne. Bishara ta daɗe da isa gidajensu. Abin da ya raba su da cocin da ke ƙarshen layi tsohon labari ne, kuma su ba su manta da shi ba.

Labarin ya fi fitowa fili a birnin Filadelfiya, wajen ƙarshen ƙarni na 18. A cocin Methodist na St. George's, baƙaƙe da farare tare suke sujada, har sai da yawan baƙaƙen ya fara damun masu cocin, aka ce su koma benen sama. Wata Lahadi ana cikin addu'a, wani dattijon coci ya zo ya kama Absalom Jones yana durƙushe, ya ce ya tashi, nan ba wurinsa ba ne. Jones ya roƙi a bari a idar da addu'a tukuna. Ba a bari ba. Da aka shafa, shi da Richard Allen da sauran baƙaƙen suka tashi gaba ɗaya suka fice. Allen, wanda bawa ne da ya fanshi kansa, ya buɗe cocin Bethel a 1794, kuma a 1816 aka kafa ɗarikar AME, wato ɗarikar Methodist ta baƙar fata, ya zama bishop ɗinta na farko. Cocin baƙar fata a Amurka ba son wariya ya haife shi ba, korar da aka yi musu ce.

A Kudu abin ya fi muni. A 1845 aka kafa babbar ƙungiyar Baftis ta Kudu a garin Augusta na jihar Jojiya, bayan rikici da 'yan'uwansu na Arewa kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Na Kudu suka ce zai iya. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865, 'yantattun bayi suka fita daga majami'un tsofaffin iyayengijinsu da dubbai, suka gina nasu, har suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar Baftis ta Ƙasa a 1895 a Atlanta. A nan ne baƙar fata ya samu wurin da ake kiransa da girmamawa. Mutumin da duk mako ake ce masa "yaro" a wurin aiki, ran Lahadi shi ne dikin, shi ne ma'aji. Makarantu da jami'o'i da ƙungiyoyin taimakon juna da yawa daga cikin coci suka fito, kuma daga cikinsu ne ajin masu rufin asiri na baƙar fata ya tsiro.

Ga wani abu da ya shafe mu a Afirka ta Yamma. Wannan ƙungiya ta Baftis ta Kudu ita ce ta aiko Thomas Jefferson Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, ta ci gaba da zuba kuɗi da 'yan mishan a Najeriya fiye da shekara ɗari, daga baya har da Gana. Sai ga wani saurayi daga Gana mai suna Sam Oni, wanda ya tuba a hannun waɗannan 'yan mishan, ya nemi shiga jami'ar Mercer ta Baftis a garin Macon na jihar Jojiya. Aka yi ta ja-in-ja kafin a ɗauke shi a 1963. A 1966 ya je sujada cocin Tattnall Square da ke harabar jami'ar, aka tare shi a ƙofa, 'yan sanda suka tafi da shi, kuma cocin ya sallami fastonsa Thomas Holmes saboda yana goyon bayan a buɗe ƙofa ga kowa. Mutanen da suka tara baiko don a kai wa baƙar fata bishara a hayin teku, su ne suka hana shi kujera da ya biyo bisharar zuwa gida. A ganina babu labarin da ya fi wannan bayyana matsalar.

Ba kowa ya yi shiru ba. Shahararren mai wa'azi farar fata Billy Graham ya cire igiyar da ke raba baƙaƙe da farare a taron wa'azinsa na Chattanooga a 1953, kuma a 1957 ya gayyaci Martin Luther King ya yi addu'a a taronsa na birnin New York. Amma King ɗin ne ya riƙa cewa ƙarfe 11 na safiyar Lahadi ita ce sa'ar da Amurka ta fi rabuwa, kuma wasiƙarsa ta 1963 daga gidan yarin Birmingham amsa ce ga wasu limamai takwas farar fata da suka ce ya yi haƙuri ya jira.

Sai batun gidaje, wanda shi ne ainihin inda kalmar "maƙwabci" ta samu nauyinta. Tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙe kusan miliyan 6 suka bar Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma. Daga shekarun 1930 hukumomin gwamnati da bankuna suka riƙa ja wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira, ma'ana kada a ba da bashin sayen gida a wurin. Takardun mallakar gidaje da dama na ɗauke da sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 1948 kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba. Dokar da ta haramta wariya wajen saye da hayar gida ba ta zo ba sai 1968, kwana kaɗan bayan kashe King. To da ƙofa ta buɗe, lauya ko malami baƙar fata ya samu ikon sayen gida a unguwa mai kyau, me ya faru? Maƙwabta suka fara kafa allon "na sayarwa". Cikin shekara goma unguwa takan juye, kuma coci ma yakan kwashe kayansa ya bi mutanensa can gaba, ya sayar da ginin ga wata ikkilisiyar baƙaƙe. Wato lokacin da maƙwabcin ya iso da kansa har bakin ƙofa, mai gida ne ya tashi.

Har hujja aka samar wa wannan hali. Donald McGavran, tsohon ɗan mishan a Indiya da ya koyar a makarantar tauhidi ta Fuller a Kalifoniya, ya rubuta a 1970 cewa mutane sun fi son karɓar Almasihu ba tare da sun tsallake shingen launi ko harshe ko matsayi ba. Shi abin da ya gani a tsarin rabe-raben mutane bisa asali na Indiya yake bayyanawa. Amma masu neman cika coci a Amurka suka mai da maganar dabara: ka nemi masu kama da kai, cocinka zai yi saurin girma. Ya kuwa yi girma. A shekarar ce kuma mai wa'azi baƙar fata Tom Skinner, ɗan unguwar Harlem ta birnin New York, ya tsaya gaban dubban ɗalibai a taron mishan na Urbana ya faɗa musu ƙarara cewa cocin masu bishara, wato Kiristocin da ake kira "evangelical", ya yi gum lokacin da ake zaluntar baƙar fata.

Su kuwa baƙaƙen masu rufin asiri ba su zauna jiran gayyata ba. Inda suka taru, kamar gundumar Prince George's a jihar Maryland da gundumar DeKalb kusa da Atlanta, manyan majami'u suka tashi masu ɗaukar dubban mutane, da makarantu da darussan tattalin kuɗi da sana'a. Fasto T.D. Jakes ya kafa cocin Potter's House a Dalas a 1996. Don haka mai ƙwanƙwasa ƙofa da ƙasidar bishara a hannu sau da yawa yakan tarar mai gidan dattijo ne a cocin da ya ninka nasa sau goma.

Shekarun 1990 sun zo da yunƙurin sulhu. A 1994 shugabannin Fentikos farare da baƙaƙe suka taru a Memphis, har aka wanke wa juna ƙafa. A 1995, da ƙungiyar Baftis ta Kudu ke cika shekara 150, ta zartar da ƙuduri a Atlanta tana neman gafarar baƙaƙen Amurka kan bauta da wariya. Aka fara maganar coci mai launuka daban-daban, kuma baƙaƙe da dama, musamman masu ilimi da ke zaune a unguwannin farare, suka amsa. Sai dai masu nazari irin su Michael Emerson sun lura tafiyar hanya ɗaya take bi: baƙaƙe ne ke shiga cocin da farar fata ke shugabanta, da wuya ka ga akasin haka. Waƙa ta mai gida, salon wa'azi na mai gida, kujerun dattawa ma na mai gida.

Wannan zama ya fara tsagewa bayan zaɓen 2016, inda kusan kashi 80 cikin ɗari na farare masu bishara suka zaɓi Donald Trump. Jaridar New York Times ta ba da rahoto a 2018 kan yadda baƙaƙe ke zamewa daga irin waɗannan majami'u ba hayaniya. Ƙorafinsu ba na koyarwa ba ne. Cewa suke idan ɗan sanda ya harbe yaro baƙar fata, ran Lahadi ko addu'a ba a yi, kamar ba abin da ya faru. Bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a Mayun 2020, shugabannin makarantun tauhidi shida na Baftis ta Kudu suka fitar da sanarwa suna watsi da wata mahangar nazarin wariyar launi, kuma babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Fastoci irin su Charlie Dates na Shikago suka sanar da ficewarsu.

Kiran da ake yi yau yana da dalilinsa na gaskiya. Binciken Pew ɗin nan ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na baƙaƙen Amurka ba ya danganta kansa da wani addini, kuma abin ya fi yawa a cikin matasa. Majami'un baƙaƙen ma kansu suna kuka cewa 'ya'yan da suka yi karatu suka koma gefen gari ba sa dawowa tsohon coci a cikin birni. Ga kuma sababbin maƙwabta daga Najeriya da Gana da Habasha, waɗanda launi ɗaya ne da jikokin bayi amma tarihi daban. Wasunsu ma, kamar mabiyan cocin Redeemed, su ne yanzu ke yawo da ƙasidu suna gayyatar farar fata.

Ga wani misali na inda kai bishara ga maƙwabci ya yi aiki: cocin Franklin Avenue na Baftis ta Kudu a birnin New Orleans na farar fata ne tun asali. Da unguwar ta juye, masu shi suka watse suka bar ginin. A 1986 aka ba Fred Luter, baƙar fata mai wa'azin bakin titi, riƙon mutane 65 da suka rage, yawancinsu mata da yara. Maza ba sa zuwa, sai ya gayyace su gidansa kallon damben Sugar Ray Leonard da Thomas Hearns a talabijin, suka zo, wasu suka biyo shi coci. Ya kuma ɗora wa kowane mai bi nauyin kawo abokinsa, ɗan'uwansa, abokin aikinsa da maƙwabcinsa. Kafin guguwar Katrina ta 2005 ta nutsar da ginin, jama'arsa ta haura 7,000. A 2012 ƙungiyar nan da aka kafa a Augusta don kare masu bayi ta zaɓe shi shugabanta, baƙar fata na farko da ya hau kujerar.