Binciken zamantakewa kan shaye-shaye da rashawa a manyan makarantun Najeriya

Wannan fanni reshe ne na ilimin nazarin zaman jama'a. Yana duba abin da ɗalibai ke sha da abin da ke kai su gare shi, da kuma yadda kuɗi ko alfarma ke shiga harkar samun gurbin karatu da maki da takardar shaida. Galibin masu yin sa malaman jami'a ne da likitocin ƙwaƙwalwa. A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, inda ake kai waɗanda shaye-shaye ya taɓa.

Shaye-shaye

Bincike mafi faɗi shi ne wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, aka fitar da rahotonsa a farkon 2019. Ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a cikin shekara ɗaya kafin a yi binciken. Wiwi ce a gaba, da kimanin mutum miliyan 10.6, sai ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol, sannan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018. Giya da taba ba sa cikin wannan lissafi.

Auna shan giya kuwa ana yawan yin sa ne da takardar tambayoyi 10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna AUDIT. A nan ne aikin ke yin wuya a Sakkwato. Tun 2000 jihar ke bin dokar shari'a, shan giya laifi ne ga Musulmi, kuma abin kunya ne da ke shafar dangi baki ɗaya. Ɗalibin da aka miƙa wa takarda a cikin aji, abokinsa na gefe, malaminsa na tsaye, da wuya ya rubuta gaskiya. Don haka ƙaramin adadi ba lalle ne ya nuna ƙarancin matsala ba. Bugu da ƙari, mai tambayar giya kaɗai zai wuce matashin da bai taɓa kusantar ta ba amma ƙwaya ta riga ta kama shi, alhali shi ne iyayensa ke kuka a kansa.

Rashawa

Binciken ƙasa na 2019 kan cin hanci ya nuna kusan uku cikin goma na waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikatan gwamnati sun ba da cin hanci ko an nema daga gare su. A manyan makarantu abin da ake nazari ya haɗa da sayen maki, satar jarrabawa, tilasta wa ɗalibai sayen takardun lacca, da neman ɗalibai mata da lalata domin maki, wanda binciken BBC na 2019 a jami'o'in Legas da Ghana ya fito da shi fili. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa, da aka kafa a 2000, tana da hurumin bin diddigin irin waɗannan laifuka.

Nan ma tsoro ke rufe baki, domin makin ɗaliba na hannun wanda za ta kai ƙara. Shi ya sa masu bincike da dama ke haɗa takardar tambayoyi da hira ta sirri, a wajen harabar makaranta, mace ta zanta da mace, ba tare da rubuta sunan kowa ba.