Ma'anar Satyagraha a Gwagwarmayar Neman 'Yancin Indiya

Duk ɗalibin da ke bitar tarihin gwagwarmayar mutanen Indiya da mulkin mallakar Birtaniya, ba makawa zai ci karo da kalmar satyagraha, kuma da yawa sukan ce zanga-zangar lumana ce kawai, su wuce. Wannan amsa ba ta cika ba, domin satyagraha hanya ce mai sharuɗɗa masu tsauri, kuma wanda bai san sharuɗɗan ba zai kasa fahimtar dalilin da ya sa aka dakatar da gwagwarmayar a lokacin da ta fi ƙarfi.

Kalmar ta fito ne daga harshen Sanskrit, ma'anarta kuwa riƙo da gaskiya. Mohandas Gandhi ya fara aiki da wannan hanya a Afirka ta Kudu, bayan da hukumomin Transvaal suka fito da wata doka a 1906 wadda ta tilasta wa Indiyawa yin rajista da dangwala yatsu. Abin da ake bukata ga mai bin ta shi ne ya ƙi bin dokar da ya tabbata zalunci ce, ya yi haka a bainar jama'a, ya karɓi hukuncin da zai biyo baya, kuma kada ya ɗaga hannu ya rama ko da an dake shi. Manufar ita ce a farkar da zuciyar azzalumi, ba a wulaƙanta shi ba.

Gandhi ya koma Indiya a 1915, kuma a Champaran da ke Bihar aka fara gwada abin a 1917. A can Turawa masu gandaye sun ɗora wa manoma noman baba, wato tsiron da ake yin shuni da shi, a kashi uku cikin ashirin na gonar kowane mutum. Da Gandhi ya isa domin sauraron kokensu, hukuma ta umarce shi da ya bar gundumar. Ya ƙi tafiya, ya tsaya a gaban alƙali ya amsa cewa da gangan ya saɓa umarnin, kuma a shirye yake ya shiga kurkuku. Hukuma ta rasa yadda za ta yi da shi, ta janye ƙarar, ta kafa kwamitin bincike da shi a ciki, daga bisani aka soke tsarin.

A 1919 dokar Rowlatt ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, aka rufe kasuwanni a faɗin ƙasa don nuna adawa da ita, sannan a ranar 13 ga Afrilu sojojin Janar Dyer suka buɗe wuta a kan taron jama'a a Jallianwala Bagh da ke Amritsar, suka kashe ɗaruruwan mutane. Daga 1920 jam'iyyar Congress, babbar jam'iyyar masu neman 'yancin Indiya, ta haɗa kai da ƙungiyar Khilafat ta Musulmi masu kare halifancin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda Muhammad Ali da ɗan'uwansa Shaukat Ali ke jagoranta, aka ƙaurace wa makarantun gwamnati da kotuna da tufafin Ingila. Sai dai a Fabrairun 1922, a garin Chauri Chaura, masu zanga-zanga suka cinna wa ofishin 'yan sanda wuta, 'yan sanda fiye da ashirin suka mutu. Nan take Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar baki ɗaya, duk da ɓacin ran manyan abokan tafiyarsa, domin a wurinsa da zarar an zubar da jini, an fita daga satyagraha.

A nan akwai bambancin da ake yawan tambaya a jarrabawa. A 1920 ƙin ba gwamnati haɗin kai aka yi, amma a 1930 karya doka aka yi da gangan. Gwamnati ce kaɗai ke da ikon haɗa gishiri da sayar da shi, ta kuma ɗora masa haraji, alhali ba gidan da ke yin miya babu shi. Ranar 12 ga Maris Gandhi ya tashi daga Sabarmati da mabiya 78, suka yi tafiyar kusan kilomita 390 a ƙafa zuwa Dandi a bakin teku, inda ya ɗebi gishiri da hannunsa ranar 6 ga Afrilu. Kafin shekarar ta ƙare an ɗaure dubun dubatar mutane, har da mata masu yawa da suka fito fili a karon farko.

Kuskure ne a ɗauka cewa hanyar ta mabiya addinin Hindu ce kaɗai. Khan Abdul Ghaffar Khan ya tara dubban Musulmi 'yan ƙabilar Pashtun a ƙungiyar Khudai Khidmatgar, waɗanda suka yi rantsuwar ba za su ɗauki makami ba, kuma sun cika alkawarin a lokacin da sojoji suka harbe su a kasuwar Peshawar a Afrilun 1930. A ganina wannan shi ne misali mafi ƙarfi na cewa satyagraha jarumtaka take bukata.

Haka kuma ba kowa ne ya gamsu da ita ba. Subhas Chandra Bose ya ga cewa sai da bindiga Bature zai tafi, har ya jagoranci runduna da taimakon Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. B. R. Ambedkar, wanda shi kansa ya jagoranci satyagraha a Mahad a 1927 domin mutanen da ake ƙyama saboda asalinsu su sami damar shan ruwan tafkin gari, ya zargi Gandhi da yin amfani da azumi wajen tilasta masa yarjejeniyar Poona ta 1932, wadda ta soke shirin ba waɗannan mutane damar zaɓen wakilansu daban. Ɗalibin da aka tambaya dalilin samun 'yancin kai ranar 15 ga Agustan 1947 ya kamata ya ambaci satyagraha tare da boren 1942 na neman Birtaniya ta fice daga Indiya da kuma karayar tattalin arzikin Birtaniya bayan yaƙi.