Mai zanen kwamfuta a Kano: me ke toshe basira, kuma yaya ake buɗe ta?

Aikin zane a Kano kaka-kaka yake zuwa. Kafin azumi katin ɗaurin aure, ƙarshen shekara kalanda, zaɓe ya matso fastar 'yan takara. A irin wannan ruguguwa ne hannu ke sabawa da abu ɗaya. Ga tambayoyin da masu sana'ar suka fi yi.

Me ya sa ayyukana duk suka koma kama ɗaya?

Domin daga tsohon fayil kake farawa. Kwastoma ya zo da azahar yana son kati kafin magariba, sai ka buɗe na makon jiya a manhajar zane ta CorelDRAW, ka sauya suna da hoto, furen nan mai ruwan zinare yana nan a kusurwarsa. Kafin ka kunna kwamfuta, ninke takarda A4 sau uku, ta ba ka gida takwas. A kowane gida zana tsari daban da fensir, minti biyu kacal: nan hoto ya cinye rabin shafi, can babu hoto sam, can suna ya hau tsaye ta gefe. Ukun farko yawanci abin da ka saba ne. Daga na biyar ake fara ganin sabon abu. Ga shi kuma ba ka ƙona man janareto kana kallon farin allo ba.

Idan ba a Pinterest ba, ina zan samo sabon tunani?

Ba laifi a leƙa Pinterest, dandalin hotuna a intanet, illa dai abin da ka gani shi makwabcinka ya gani. Kayan da babu a can suna cikin gari.

Duba aikin aska takwas a babbar riga. Nauyin ɗinkin yana hagu, wajen aljihu, asake suna gangarowa da tsininsu, a dama kuma zagaye ɗaya ne ke riƙe da ido. Ɓangarorin ba su yi daidai ba, amma rigar ba ta karkace ba. Mai zanen da ya gane wannan ya daina jera komai a tsakiyar shafi.

A marinar Ƙofar Mata za ka ga shuɗin baba tun daga mai haske har wanda ya kusa zama baƙi, gwargwadon yawan tsomawa. Launi ɗaya ke nan da zai ɗauki fasta guda ba tare da ja ko ɗorawa ba. Akwai zanen bango a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, akwai allon zayyana na masu saukar Alƙur'ani, akwai aikin dukawa a Kasuwar Kurmi, har rubutun bayan manyan motoci da inuwar da ake yi wa haruffansa.

Yadda za ka yi: nemi izini, ɗauki hoton kai-tsaye daga gaba, ba a karkace ba. Bi layin da hannu a manhaja, kada ka bar wa na'ura ta kwafa, domin tana tara ɗigo barkatai. Ware siffa ɗaya da launi uku, ka adana a jaka mai suna. Kuskuren da ya yi yawa shi ne a manna dagin Arewa a kusurwa a ce an yi zanen gargajiya. Tambarin shagon magani bai buƙatarsa.

Kwastoma na son a cusa komai a shafi ɗaya. Ina wurin basira a nan?

A katin biki ba a cire sunan dangi, kowa ya san rigimar da hakan ke jawowa. Abin da za ka iya shi ne ka jera su hawa uku: abin da za a gani daga nesa, wato sunan ango da amarya, abin da ake nema, wato rana da lokaci da masallaci, sai sauran. Hawa na farko ya ninka na biyu a girma, salon haruffa kada ya wuce biyu. Ka nuna wa Alhaji samfuri biyu, nasa da naka, a buge a takarda, ba a waya ba. Sau da yawa ido ke yanke hukuncin da baki ya kasa. Tun farko kuma a yi magana: rabin kuɗi kafin aiki, gyara sau biyu. Gyara marar iyaka ya fi komai kashe sha'awar gwada sabon abu.

Na yi zane mai kyau, madaba'a ta fito da shi a dushe. Laifin wa?

Yawanci na fayil ne. Allon kwamfuta da haske yake aiki, tsarin RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu, CMYK (C shuɗi mai haske, M ruwan hoda, Y ɗorawa, K baƙi), kuma ba ya iya fito da kore da shuɗi masu walƙiya. Fara aikin a CMYK tun daga tushe. Idan shuɗi yana komawa shunayya, M ce ta matso kusa da C. Bar tazarar aƙalla kashi 30 cikin ɗari tsakaninsu, misali C100 M60. Ƙananan rubutu a yi su da K100 kaɗai, domin in an haɗa tawada huɗu, kaucewa kaɗan za ta sa haruffa su yi inuwa. Hoton kati da fasta ya kai ɗigo 300 a inci, fileks babba kuwa 100 ya isa tunda daga nesa ake kallo. Bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, ka ce a sake turowa a matsayin fayil. Wanda aiki ya sha lalace masa shi ke tsoron sabon launi, ya liƙe wa fari da zinare.

Haruffa masu lanƙwasa fa? Da na sa kyakkyawan salo sai su ɓace.

Salo da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai akwati ya fito ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa. Noto Sans, Charis SIL da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Kafin turawa madaba'a, zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q a CorelDRAW ya koma siffa, amma ka ajiye kwafin da ake iya gyarawa. Larabci kuma a ba wanda ya iya ya duba, don wani lokaci haruffa kan rarrabu ko su juya. Aya a takardar da za a raba a titi, gara a shawarci mai aikin ya bar ta.

Canva da manhajojin ƙirƙirar hoto suna dusar da basira?

Idan daga su ake farawa, e. Don gwada launi da sauri suna da amfani. Sai dai a hoton da suka ƙirƙira a duba hula da ɗinkin riga da kyau, a nan suka fi yin shirme.

Kai ya toshe, ga lokaci ya ƙure. Me zan yi?

Rage wa kanka zaɓi: launi biyu, salo ɗaya, hoto ɗaya. Mayar da zanen fari da baƙi ka gani ko suna yana fita ba da taimakon launi ba. Ƙanƙance shi zuwa girman akwatin ashana. In kanun bai karantu ba, tsarin ne da matsala, ƙarin ado ba zai gyara ba. Sannan tashi ka yi alwala ko ka taka bakin titi na minti goma, ka dawo ka duba lambar waya da kwanan wata kafin komai.