Kallon tsuntsayen daji da ɗaukar hotonsu: daga tsakar gida zuwa Dagona

Me ake samu a kallon tsuntsu, har babban mutum ya ɓata safiyarsa?

Ai Bahaushe ya daɗe yana yi, sunan ne kawai bai sa masa ba. Manomi in ya ga shamuwa ta sauka kan kuka ko tsamiya ta fara tara ƙirare, ya san damina ta ƙarato, sai ya hau gyaran gona. Ita shamuwa a nan take sheƙa ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Mai kallon tsuntsaye abin da ya ƙara shi ne rubutawa: wane tsuntsu, a ina, wace rana. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma yawancinmu ko talatin ba za mu iya ambata ba.

Daga ina zan fara?

Daga gidanka. Nemi kasko marar zurfi, ka zuba ruwa, ka jefa tsakuwa biyu a ciki don ƙananan su sami wurin tsayawa, ka ajiye a inuwar darbejiya inda kyanwa ba ta da maɓoya. Ka watsa ɗan gero a gefe. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, ba za ka jira da yawa ba. Kurciya ce kan riga kowa, ta sauka nesa, ta yi ta tattaki tana gyaɗa kai kafin ta tsoma baki. Sai baiwar Allah, ƴar mitsitsiya, namijin ja jawur, su zo su biyar ko shida su shige ƙarƙashin ƙafar kurciyar ba ko tsoro. Ka riƙa sauya ruwan kullum saboda sauro. Bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, su ne lokutan da suka fi motsi.

Sai na sayi kyamara mai tsada?

A'a. A ganina madubin hangen nesa ya fi kyamara muhimmanci ga mai farawa, kuma wanda aka rubuta wa 8x42 ya wadatar. Kana iya kanga kyamarar wayarka a bakinsa ka ɗauka. Hoton ba zai ci gasa ba, amma zai nuna wa masani irin tsuntsun da ka gani. Rana ta kasance a bayanka, ka sa kaya marasa ɗaukar ido, ka zauna wuri guda ya zo ya same ka. In hazon hunturu ya yi kauri, hoton nesa fari fat yake fitowa, sai ka haƙura da na kusa.

Ina ake zuwa in an gama da na gida?

Dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, shi ne kan gaba. A can Dagona take, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu agwagin daji da wasu tsuntsayen bakin ruwa kan tsere wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a nan su gauraya da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru a jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi. Sai dai wurin ba kamar da ba ne: madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malala, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, abin da ya cuci masunta da manoma da tsuntsayen baki ɗaya. Kafin ka je ka tambayi halin tsaro, ka gaida mai gari, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora.

Akwai kuma dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Cikin duwatsun nan ake ganin wata ƴar uwar baiwar Allah wadda masana ba su bayyana ta a matsayin nau'i na daban ba sai a 1998.

Mene ne bai kamata a yi ba?

Kada ka matsa kusa da sheƙa don hoto. Uwar tana tashi, rana ta ƙona ƙwai, ko hankaka da ke kallonka daga sama ya sauko ya kwashe. Kada ka sayi tsuntsun daji a keji don tausayi, domin kuɗinka ne zai mayar da mai tarko daji gobe. Wannan ciniki, tare da lalacewar fadamu, yana cikin abin da ya sa gauraka ta yi wuyar gani a ƙasar nan, ungulu ma da ke cika mahauta a da ta yi ƙaranci ƙwarai.

Abin da na rubuta zai amfani wani?

Ƙwarai. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta, inda masu sa kai ke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. In kuma ka ci karo da mataccen tsuntsu mai zoben ƙarfe a ƙafa, irin wanda masu bincike ke sa wa tsuntsaye don bin diddiginsu, ka kwafi lambar da adireshin da ke jiki, da ranar da wurin, ka aika wa cibiyar. Ta nan ake gano ƙasar da aka sa masa zoben.