Filibasta: Dokar da ke bai wa sanatoci 41 ikon taka wa 59 birki a Amurka

Majalisar Dattawan Amurka tana da sanatoci 100, biyu daga kowace jiha. Da lissafi kaɗai ake bi, da ƙuri'a 51 ta isa a zartar da kowane ƙudiri. Amma sau da yawa sai ka ji jam'iyya mai rinjaye ta kasa kataɓus saboda ba ta haɗa ƙuri'a 60 ba. Tushen wannan shi ne abin da suke kira filibasta, wato jan muhawara don a hana kaɗa ƙuri'a, kuma babu wanda sunansa ya manne da ita kamar Strom Thurmond, sanata mai ra'ayin riƙau daga jihar Karolina ta Kudu.

A majalisar ba a kaɗa ƙuri'a kan ƙudiri sai an rufe muhawara. Sanatan da aka bai wa dama yana iya magana iya son ransa, ko da abin da yake faɗa bai shafi batun ba. Sharaɗin dai ya kasance a tsaye: ya zauna ko ya fice daga zauren, damarsa ta faɗi. Sai a 1917, zamanin Shugaba Woodrow Wilson, aka kafa Doka ta 22 wadda ta yarda a rufe muhawara da kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a. A 1975 aka sassauta zuwa kashi uku cikin biyar na dukan sanatoci, wato 60.

Thurmond, wanda aka haifa a 1902, ya yi gwamnan jiharsa, sannan a 1948 ya tsaya takarar shugaban ƙasa da manufar ci gaba da ware baƙar fata daga farare, har ya cinye jihohi huɗu na Kudu. Ya shiga majalisar a 1954. A watan Agusta na 1957 aka kawo ƙudirin kare 'yancin baƙaƙe na kaɗa ƙuri'a. Sauran sanatocin Kudu sun riga sun zare wa ƙudirin haƙora, suka amince ba za su tare shi ba. Shi kuwa ya ce bai san zance ba. Kafin ya miƙe sai da ya yi sirace don ya rage ruwan jikinsa, kada fitsari ya fitar da shi daga zaure. Ya fara da daren 28 ga wata, ya bi dokokin zaɓe na jihohi 48 da ƙasar ke da su a lokacin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, ya karanta takardar shelar 'yancin kan Amurka da jawabin ban-kwana na George Washington, shugaban ƙasar na farko. Awa 24 da minti 18 ya yi yana abu ɗaya. Bai fi awa biyu da yin shiru ba aka zartar da ƙudirin.

Abin da ya tsaya karewa abin kunya ne, kuma ba shi ya fara ba. Da wannan dabarar ce sanatocin Kudu suka kashe ƙudirorin hukunta gungun fararen da ke rataye baƙaƙe ba shari'a, a 1922 da 1935 da 1938. Sai a 2005 majalisar ta nemi gafara kan haka. A 1964 an yi kwana 60 na zama ana jan ƙafa kan babbar dokar 'yancin jama'a kafin sanatoci 71 su rufe muhawarar. A shekarar ce Thurmond ya bar jam'iyyar Dimokurat ya koma Rifablikan, inda ya zauna har ya yi ritaya a 2003 yana da shekara 100.

Yau ba a buƙatar wannan wahalar. Tun shekarun 1970 majalisar ta ɓullo da tsarin ajiye ƙudirin da aka tare a gefe, a ci gaba da wasu ayyuka. Sanata ya sanar da shugabannin majalisa cewa bai yarda ba, shi ke nan, sai masu rinjaye su shiga neman 60. A ganina nan ne dokar ta fi lalacewa. Ko ba komai Thurmond ya fito fili, kowa ya ga fuskarsa ya san abin da yake karewa. Yanzu ƙudirin da ya shafi rayuwar miliyoyin mutane yana iya mutuwa ba tare da wani ya buɗe baki a zaure ba.

Masu kare dokar suna da hujja: tana tilasta wa jam'iyyu sulhu, kuma mai rinjayen yau shi ne marar rinjayen gobe. Sai dai kowane ɓangare ya rushe ta inda ta takura masa. A 2013 'yan Dimokurat ƙarƙashin jagoransu a majalisar, Harry Reid, suka cire sharaɗin 60 wajen tabbatar da ministoci da alƙalan ƙananan kotunan tarayya. A 2017 'yan Rifablikan ƙarƙashin nasu jagoran, Mitch McConnell, suka cire shi wajen alƙalan Kotun Ƙoli. Wasu ƙudirorin haraji da kashe kuɗi ma suna da hanyarsu ta musamman da ƙaramin rinjaye ya isa.

Sauran dokoki kuwa suna nan ƙarƙashin 60. A Janairun 2022 'yan Dimokurat sun nemi sassauta sharaɗin don su zartar da wani ƙudirin kare 'yancin zaɓe, sai biyu daga cikinsu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka bi 'yan Rifablikan. Aka kayar da yunƙurin da ƙuri'a 52 da 48, ƙudirin kuma ya mutu.