Karayar Bankin Lehman: Yadda Aka Ɓoye Bashi a Cikin Littafin Lissafi

Me ya faru ranar 15 ga Satumba, 2008?

Lehman Brothers, na huɗu a girma cikin bankunan zuba jari na Amurka, ya garzaya kotu a New York ya ce ya karye, yana neman kariyar babi na 11 na dokar karayar arziki. A rubuce yana da kadarori na dala biliyan 639, ana kuma bin sa biliyan 613.

To idan dukiya ta fi bashi, ina karayar take?

Kaso mai yawa na abin da ya narka kuɗi a ciki takardun lamunin gidaje ne da gine-gine, a lokacin da farashinsu ke zubewa kuma babu mai saye. Shi kuwa bashin da yake juyawa da shi, mai yawa daga ciki na kwana ɗaya ne, kullum sai an sabunta. Da masu ba shi suka janye hannu, sai ya zama mai rumbu cike amma babu na cefane.

Ina aka yi rufa-rufar?

Nan ne abin ya fi ɗaure kai. Rahoton Anton Valukas, wanda kotu ta naɗa ya bincika, ya fito a Maris 2010 ya tona wata dabara da ma'aikatan bankin suke kira Repo 105. Dab da ƙarshen kowane wata uku, bankin zai miƙa takardun da suka kai dala 105 ya karɓi dala 100. Jingina ce tsagwaronta, amma sai a rubuta wai sayarwa aka yi. Da kuɗin a rage wasu basussuka, lissafin da za a nuna wa jama'a ya fito fes, bayan 'yan kwanaki a sake ciwo bashi a fanso kayan. A tsakiyar 2008 kusan dala biliyan 50 aka kawar daga ido ta haka. Ta reshensu na Landan suke bi, domin can suka sami lauyoyin da suka yarda a kira abin ciniki.

Masu binciken lissafi fa?

Kamfanin Ernst & Young ne. Sun ce aikinsu bai saɓa ƙa'ida ba, duk da haka sun biya masu hannun jari dala miliyan 99 don a kashe ƙara. Ni dai a ganina, ƙa'idar da ta bar jingina ta zama ciniki ita ma da nata laifin.

Me ya sami kasuwar bashi?

Washegarin karayar, asusun Reserve Primary, wani asusun zuba jari da jama'a ke ajiye kuɗi a ciki kamar banki, mai riƙe da takardun bashin Lehman na dala miliyan 785, ya sanar cewa kowace dalar da aka ajiye wurinsa ta koma santi 97. Mutane suka yi rububin kwashe kuɗinsu daga irin waɗannan asusu, bankuna suka daina yarda da juna, kamfanonin da ba ruwansu da harkar gidaje suka rasa rancen biyan albashi. A wannan rana babban bankin Amurka ya ba kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85, abin da aka hana Lehman kwana biyu kafin nan.